Ni Na Musanya Ƙyallen, Amma Makaɗin Ƙanena Ake Kira Infoma

Assalamu alaikum mai shafi da masu karatu. A ɓoye sunana. Masu zagin mutane daga ɗaki mai fanka, waɗanda ba su taɓa binne nasu da harsashi a jiki ba, don Allah ku riƙe hukuncinku. Shawara na zo nema.

Ni mutumin Gidan Goga ne. Tun da aka kashe mahaifinmu a gona na kwaso iyali muka dawo Talata Mafara. Sana'ata sayen zinare daga masu haƙa in miƙa wa manya. Na san wani ta hannun 'yan bindiga yake biyowa, ban kuma taɓa tambaya ba. Da shi nake ciyar da gida, har da ƙanena ɗan kokawa, zan kira shi Sani, wanda bai taɓa tambayar inda naman da ke gina masa ƙirji yake fitowa ba.

Bana aka zaɓe shi zuwa gasar kokawa ta ƙasa da ƙasa a wata maƙwabciyar ƙasa, can inda manyan masu sayen zinarenmu suke. Sai ya zo shagona da farin ƙyalle, an rubuta da jan fenti: KU DAINA SAYEN ZINAREN JINI, da sunan garinmu a ƙasa. Wai zai ɗaga a gaban kyamara ranar karɓar lamba.

Ya ce, "Yaya, ina so duniya ta san abin da aka yi muna. Ka kai ma baduku ya rufe shi kamar laya. Kai kaɗai na yarda da kai."

Dabarar ta yi, don ana binciken kayan 'yan wasa, amma ba mai farke layar ɗan kokawa. Ni dai raina ne ya ɓaci. Yaron da nake ciyarwa ne zai kira abincinsa jini? Idan ya ɗaga, shi za a tafa wa, ni kuma wa zai ƙara sayen kayana? 'Yan bindigar da ke daji ba su da waya ne, ba za su gani ba? Mahaifiyarmu a gidan wa take kwana? Na ce masa to. Na sami wani farin ƙyalle babu rubutu, na ninke, na naɗe da zare yadda ake naɗe laya, na kai wa baduku ya ɗinke. Nasa kuwa na jefa a murhun mai shayi.

A gasar Sani ya zo na biyu. A waya na kalla. Ya hau dandamali, ya farke fatar da haƙori, ya warware, ya ɗaga sama da hannu biyu. Fari fat. 'Yan kallo suka ɗauka gumi zai share, wasu har da dariya. Ina jin kunyar faɗa, amma a lokacin daɗi na ji.

Abin da ban hango ba shi ne Baba Makaɗi, tsohon da ke yi masa kiɗa tun yana ƙarami, mutumin Maradun. Shi ya riƙe jakar layu duk tafiyar. Sani ya dawo yana cewa an sayi tsohon ya musanya layar. Daga nan magana ta zama wai tsohon infoma ne, mai kai wa 'yan bindiga rahoto. Ku da ke nesa kalma ce kawai, a wajenmu likkafani ce. 'Yan sa-kai sun kira shi sau biyu, ba mai gayyatarsa kiɗa, 'yarsa ta daina zuwa rijiya.

Jiya ya zo shagona, ya tsuguna duk da a shekaru ya isa ya haife ni. Ya ce, "Alhaji, kai ka san ni tun kana goye. Mi zan ci da sai da Sani? Ka hwaɗa musu." Na ce Allah zai bayyana gaskiya, na ba shi ruwa.

Har yanzu haushin Sani nake ji, shi da masu zuga shi a waya cewa jarumi ne. Da ya zauna ya yi kokawarsa, da duk ba a zo nan ba. Amma ranar Juma'a za a zauna gaban mai gari, kuma Sani ya ce ni ne shaidarsa. Zan dafa Alƙur'ani in ce ƙyalle mai rubutu na kai wa baduku. In na rantse, tsohon nan ba zai ga damina ba. In na faɗi gaskiya, sunan da ke kansa kaina zai dawo, kuma ni ga zinare a hannuna.

Me zan yi?