Takwaran Idirisu Mai Taki

Takur, Dutse
4 ga Maris, 2001

Zuwa ga Baffa Modibbo,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, har da shanu. Baffa, ina cikin damuwa. Wata shida ke nan aikinmu na 'yan sandan farin kaya ya ajiye ni a kasuwar Jahun da sunan Idirisu mai taki, ina zama da wasu masu zafin wa'azi tun da aka ƙaddamar da shari'a. Cikinsu akwai Nata'ala tela, mai baki kamar rediyo, amma ko kaza bai iya yankawa ba.

Jiya Oga ya ba ni jarkar fetur. Ya ce in nuna wa Nata'ala wani gidan giya a bayan gari in zuga shi ya cinna wuta, motarmu na jira a kama shi. Tunanin bai taɓa zuwa masa ba, amma in na ce mu je, zai bi ni. Makon jiya matarsa ta haihu, ya yi mini takwara. In na ƙi umarnin Oga kuma, aikina ne a bakin wuƙa.

Ɗanka,
Musaddiq

Kafin Hausa
11 ga Maris

Musaddiq,

Muna lafiya, shanu sun fi ka kwanciyar hankali. Ashe har yanzu ba ka daina tambayar abin da ka riga ka sani ba? Shekara arba'in na yi kiwo, ban taɓa ganin mai gona ya buɗe shinge da hannunsa, ya kira saniya, sannan ya kai ƙarar ɓarna ba. Tambaya ɗaya gare ni: ka ci naman sunan? Allah ya yi maka albarka.

Baffanka

Dutse
20 ga Afrilu

Baffa,

Ina gaisuwa. Na ci, har da ƙari. Na mayar wa Oga jarkarsa cike, na rubuta cewa Nata'ala surutu ne kawai. Ya ce tunda tausayi ya yi mini yawa, in sa kaki in je in tausaya wa direbobi. Yanzu ina ba da hannu a shataletale.

Shekaranjiya Nata'ala ya zo sayen yadi, ya gan ni. Ya daɗe yana kallona, ya ce, "Idirisu, a cikin gidana ka ci tuwo." Ya tofar da yawu ya wuce. Wannan ta fi rana ƙona ni, kuma ba ni da ikon gaya masa komai.

Ɗanka,
Musaddiq

Kafin Hausa
2 ga Mayu

Ɗana,

Na je Jahun na ba Nata'ala ɗinkin riga, ban ce ni wane ne ba. Tun daga awo yake tsine wa wani munafukin ɗan sanda, yana zaune a shagonsa, ɗansa a cinya. Ban taɓa jin daɗin zagi ba sai ranar, ina alfahari da kai.

Na tambayi sunan yaron. Ya yi tsaki, ya ce Idirisu, rago ya riga ya faɗi.

Baffanka