Hoton Ƙarshe da Ya Karkace

Zuwa ga Yayana Sabi'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya a Kano. Umma tana gaishe ka, haka ma duk mutanen gidanmu na unguwar Jarwal, nan Makka. Na rubuto a fili ne, inda kowa zai karanta, tunda wata bakwai ke nan kana buɗe saƙona ba ka amsawa. Sau ɗaya ka amsa, da kalma uku: "Sayar da kyamarar."

Ban sayar ba. Jiya dai na yi ƙarfin hali na kunna ta.

Ka tuna yadda muke barin Makka bayan asuba ranar tsere, mu isa bakin teku a Jidda rana ba ta yi zafi ba? Masu jiragen nan na filafilai, waɗanda iska kawai ke turawa, suna can suna ɗaure igiyoyi, mu kuwa mu shiga ɗan kwalekwale mai inji mu bi su. Kyamara a cikin leda, tsumman goge gishiri a wuyanka. Kullum sai ka sa a kai mu kusa da jar alamar da jiragen ke kewayawa, ka ce a nan ake ganin fuskar mutum ta gaskiya, don a nan tsoro yake kama shi.

Aikina ɗaya ne. Kai ka durƙusa, ka leƙa har rabin jikinka ya fita kan ruwa, ni in riƙe bel ɗinka ta baya da hannu biyu. Kakan ce, "Malam, ba ruwanka da kallo. Ido nawa ne, hannu naka." Kakan kuma ce duk hoton da layin sama da ruwa ya karkace a cikinsa, mai ɗauka ne ya ji tsoro. Shekara huɗu muna fita, ban taɓa ganin naka ya karkace ba.

Hotunanka suna rataye a ɗakunan masu jiragen har yanzu, babu sunanka ko a kan ɗaya. A Jarwal aka haife ka, Yaya, a nan aka yanke maka cibiya, Larabcinka ya fi Hausarka ƙwari, amma ba ka da iƙama, takardar izinin zama. Ni na samu tawa ta hanyar makarantar da nake koyarwa. Uwa ɗaya, ɗaki ɗaya, kati ɗaya tak a tsakaninmu.

Ranar nan, jirage biyu sun taho wajen alamar kai da kai, ka leƙa fiye da kullum. Kai ba ka ga jirgin sintiri ya nufo mu ba, idonka na cikin kyamara. Ni na gan shi. Kuma kafin in yi tunanin komai, hannuna na dama ya sake ka, ya tafi aljihu neman katina.

Ba ka faɗa ruwa ba. Ka dai zame, ka dafe gefen kwalekwale, ka waiwayo. Ka kalli hannuna, da katin a ciki. Da masu sintirin suka tambaye ka taka takardar, kyamarar ka cire ka rataya mini a wuya, ka haye jirginsu. Bayan sati uku aka saka ka a jirgin sama zuwa garin da ba ka taɓa gani ba sai a bakin Umma.

Na san ko hannu goma na riƙe ka da shi, sai sun tafi da kai. Na sha faɗa wa kaina haka. Mutane ma sun faɗa mini, har da masu jiragen da ba wanda ya ɗaga waya saboda kai, sai dai tambayar wa zai ɗauke su a tsere na gaba. Amma hoton ƙarshe yana nan a kyamarar, na gan shi jiya. Filafili fari, rabin fuskar mai tuƙi, teku kuwa ya tuntsure gefe guda kamar an karkata tire. Duk wanda ya gani zai ce mai ɗauka ne ya ji tsoro. Shi ya sa nake faɗa a gaban jama'a: ba shi ba ne. Mai riƙo ne.

Kullum ina tsaye gaban ɗalibai ina yi musu bayanin amana da zumunci, da murya mai daɗi. Suna rubutawa. Tun ranar nan, idan na zo kan wannan darasi, hannuna na dama nake ɓoyewa a baya.

Yaya, ba na ce ka yafe wa ƙasar nan ba, ni ma ban yafe ba. Ni kaɗai nake roƙa wa. Hajiya Rabi maƙwabciyarmu za ta taho gida Kano wata mai zuwa, zan ba ta kyamarar. Na goge gishirin, hoton ne ban goge ba. Naka ne. In ka share shi, na gode. In ka bar shi, na cancanta.

Allah Ya sanyaya zuciyarka, Ya buɗa maka inda ka sauka, Ya haɗa ka da mai riƙon da ya fi ni. Amin.

Ƙaninka,
Aminu