Jar Wayar da Ta Kewaye Mita

Barade, Jalingo.

Zuwa ga ɗana Elijah,

Kada ka karanta rabin wasiƙar nan ka ajiye, kada kuma ka kira ni a waya sai ka kai ƙarshenta, domin na san daɗin bakinka. Bayan haka, ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji, da fatan kai da matarka Mabel kuna lafiya a Fatakwal. Allah ya tsare ku, ya sa albarka a aikinku. Ƙafar Babanka ta yi sauƙi. Yayarka Victoria ta zo daga Lau da jaririnta, na sauke su a ɗakin da mitar wutar lantarki ke jikin bangonsa.

Ranar Talata da rana ina ƙulla zoɓo sai na ji ƙaurin roba. Ko da na leƙa, hayaƙi ne ke fita ta bayan mita, daidai inda jaririn ke kwance. Victoria ta sure shi ta yi waje ba ko takalmi. Maƙwabcinmu Malam Jabir ne ya kashe wutar, ya nuna mini wata jar waya da ta narke, an zagayo da ita ta bayan mita zuwa firiza. Na tsare ƙanwarka Rejoice, tana kuka ta ce kai ka turo mai gyara ranar da na tafi taron zumuntar mata, ka ce kada a gaya wa Mama, wai baifas ne kawai, kowa na yi, don zoɓona ya yi sanyi katin wuta bai ƙare ba.

Ni ma na yi sakandare, Elijah, na san kalmar, kewaye abu ne a wuce. Ka zaɓi Turanci ne domin da Hausa sunan abin sata, bakinka kuwa ba zai iya ce wa ƙanwarka ta buɗe ƙofa a yi sata ba. Ka kewaye mita, ka kewaye ni, ka kewaye Babanka da ke tsayawa gaban ikkilisiya kowace Lahadi. Wutar dai ba ta kewaye kowa ba, jikana ta nufa kai tsaye.

Malam Jabir ya ce a cire wayar a yi shiru. Na ƙi. Da ƙafata na je ofishin wuta na faɗa musu. Sun yanke mana wuta, sun ce sai sun zo sun duba za su faɗi hukunci, har yanzu muna jira.

Ka gai da Mabel da kawunka Manga. Victoria ta ce in gaishe ka, amma ba ta ɗago kai ba.

Ga dokar da na kafa. Daga yau mai gyara ba zai taka gidan nan ba sai ina tsaye, ko wa ya turo shi. Duk abin da ɗayanku ya kasa faɗa mini sunansa da Hausa, ba za a yi shi a gidana ba.

Mahaifiyarka,
Dinatu.