Kujerun Motar Baba

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya. Ya aiki, ya maiɗakinka da yara, ya zaman Ikko? Mu nan Lakwaya lafiya lau.

Gyaran tsohuwar motar marigayi Baba ya kai kan kujeru. Mai ɗinkin kujera a Gwarzo ya ba mu samfuri biyu, yadi irin na asali da leda mai araha. Inna ta ce ba za ta shiga motar ba sai kujerun sun koma yadda Baba ya bar su. Kawu Ilu kuwa ya kafe kan leda, wai zama ai zama ne.

Ban yi masa musu ba. Na shimfiɗa ledar kan benci a rana, da ta gasu na ja bencin inuwa, na ce, "Bismillah Kawu, gwada." Yana zama ya zabura yana salati.

"Ja'iri! Tsire za ka yi da ni?"

Yanzu da bakinsa ya ce a sa na asali, Inna sai murna.

A gaida kowa. A sa mu a addu'a, musamman ni, don Kawu ya yanki tsumagiya yana jirana.

Ƙaninka,
Habu