Wai Ni ce Mai Shiru-shiru

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ba Inna sauƙin ciwon gwiwar nan, ya bar mana ita. Mu ma lafiya lau, sai dai kewa. Maigidana yana fita kantin magani tun da sassafe, sai yamma lis, ni kuwa daga ni sai agogon bango da tagar da ke kallon katangar maƙwabta.

Ina nan da karatun littattafaina. Kin san abin da nake so da su: marubuciya ba ta wahalar da mutum. Tun shafin farko za ta ce wance mai kunya ce, wane kuma mai zafin zuciya ne amma ba ya riƙo, ka yarda, ka bi su har ƙarshe. Nakan ce da ma a rayuwa haka ake yi, a faɗi halin mutum a layi ɗaya a huta. Ashe ana yi, Yaya.

Shekaranjiya ina shanya a baranda na ji shi yana waya da mahaifiyarsa. Yabona yake yi. Wai Allah ya ba shi mace mai shiru-shiru, ko tari ba ta yi sai da dalili. Ni fa! Ni da Baba ya sa wa suna Rediyo, yana cewa a nuna masa inda ake kashe ni! Na so in yi dariya, sai na ga ina share hawaye da jiƙaƙƙiyar rigarsa. Ba ƙarya ya yi ba. Kullum a gajiye yake dawowa, ni kuma in haɗiye labaran da na tara tun safe don kada in dame shi. Yanzu ga shi shirun ya fi so a wurina. In na buɗe baki, anya zai gane matarsa? An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to, tawa ta ba shi labarin wata.

Don Allah ki rubuto mini layi ɗaya, irin na littafi, ki ce ƙanwarki kaza ce. Zan karanta masa da ƙarfi, ko a gajiye yake. Ki hanzarta, domin ni ma na fara yarda da nasa.

Ki gaida Inna da Kawu tela da Auta. Ki gaida Baba, amma kada ki gaya masa an gano inda ake kashe rediyonsa.

Ƙanwarki,
Rediyo