Siket Ɗin da Kika Rage wa Tsawo

Zuwa ga Bilkisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kina lafiya ke da maigidanki, kuma zaman Atlanta yana yi muku daɗi. Mu nan Greensboro, inda kika bar mu a wannan ƙasa ta Amurka, sai godiyar Allah.

Na kira ki sau uku ba ki ɗauka ba. Saƙon da na tura kin karanta, kin yi gum. Tunda a shafinki kika yi magana gaban mabiyanki, to ni ma ga tawa a fili, kowa ya karanta.

Ranar Laraba ina zaune a mota bakin wurin aikinmu a McLeansville, ina cin abincin rana, sai ga sanarwarki cewa littafinki na manga, labarin zane irin na Japan, zai shiga ɗab'i ƙarshen wata. Wallahi murna na fara yi. Da na buɗe hoton bangon sai na ajiye cokali. Yarinyata ce, wadda nake zanawa tun muna shekara goma sha biyu, amma an yi mata aski da almakashi.

Kin tuna teburin cin abincinmu a gidanmu na Pleasant Garden? Keken ɗinkin Mama a gefe ɗaya, mu a ɗaya gefen da takardu da fensir. Ke ce mai labari, ni ce mai zane. Haka muka raba aiki, don duk yarinyar da kika zana sai ta ɓoye hannuwanta a baya kamar wadda ta saci nama. Yatsu sun fi ƙarfinki, Bilki, kuma kin sani.

Ni kayan makarantar 'yan matan Japan ne suka hana ni sakat. Kwalar nan mai faɗi irin ta sojan ruwa, wadda take kwanciya a gadon baya, da layukanta biyu da dole su tafi tare ba tare da sun haɗe ba har su sauko ƙirji, inda ake ɗaure ɗan ƙyalle. Sai siket mai ninki-ninki. Na goge takarda har ta huje a kansa. Idan yarinyar tana tsaye sai in samu, da zarar ta zauna ninkin ya rikice mini.

Mama da farko kallon banza take yi mana. Ta leƙo ta ce, "Waɗannan yara masu idanu kamar faranti, iyayensu ba su da yadi ne?" Amma ranar da ta ga ina kuka a kan siket, sai ta ɗauko ragowar yadi daga gyaran kayan da take yi wa matan unguwar Irving Park, ta ninke shi ɗaya bayan ɗaya, ta kafe da allura, ta bi da dutsen guga, ta shimfiɗa a kan kujera. Ta nuna mini yadda ninki yake matsewa a ƙugu, ya buɗe a ƙasa, ya karye a gwiwa. A jikin kujerar nan na koyi zanen siket.

Da na gama na kai mata, ta duba ta ce in ƙara tsawo, in ƙara hannun riga, in bar kalmasa mai faɗi a ƙasa. "Yarinya girma take yi," in ji ta. "A bar mata wuri."

Haka take ɗinka mana kayan Islamiyyar Asabar. Hannun riga ya wuce yatsu, kalmasar ƙasa faɗin yatsu huɗu. Kowace shekara ta warware ta saki kaɗan, sai shatin tsohon ɗinkin ya zauna a jikin yadi, guga ba ya fitar da shi. Har ke ta ɗinka wa, shekarar da Anti mahaifiyarki take aiki biyu ba ta da lokacin kanta. Shekara uku kina sa shi. Kina tafe kina naɗe hannu kina ƙunƙuni, ni ina yi miki dariya, alhali nawa ya fi naki zurmawa.

Shi ya sa yarinyarmu kullum kayanta sun yi mata yawa. Shi ya sa nake jan ƙananan layuka biyu kusa da bakin siket ɗinta. Duk wanda ya gani zai san tana da uwa a gida mai lissafin baɗi.

Yanzu kin ba wani mai zane ya sake ta. Riga ta kama jiki, hannu ya tsaya daidai wuyan hannu, siket ya haye saman gwiwa, layukan nan biyu babu su. Da a nan kika tsaya, da na haɗiye. Sai kika ɗauko tsohon zanena na fensir kika jera shi kusa da sabon, kika rubuta cewa wata ƙawar ƙuruciya ce ta yi shi, kuskuren 'yan koyo ne, lokacin ba a san awo ba. Mutane suna ta dariya a ƙasa, kina bin su kina danna musu alamar so.

Ba a san awo ba? 'Yar tela ce ni, Bilki. A gabanki aka auna. Da baƙuwa ce ta faɗi haka, sai in ce ba ta sani ba. Ke kuwa kin sa wannan kuskuren a jikinki shekara uku.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne sunan. Shekara da shekaru yarinyar ba ta da suna, "'yar makaranta" kawai muke ce mata. Bayan rasuwar Mama, ranar sadakar uku, muna zaune a matattakalar bayan gida, ke kika ce mu sa mata sunan Mama. Na yarda, bisa sharaɗin ke za ki riƙa rubutawa, don bakina bai taɓa furta shi ba. Ni Ummi nake kiranta, kamar yadda ake yi wa duk mai sunan uwa.

Sai ga wata ta tambaye ki a shafinki ma'anar sunan. Kika amsa mata cewa kalmar Japananci ce, tana nufin kwari tsakanin duwatsu, kin daɗe kina nema kafin ki zaɓa. Na duba, gaskiya ne, akwai kalmar a harshensu. Sai dai ba can kika samo ta ba. Tani. Ga shi na rubuta yau gaban duniya, ke kika jawo. An haifi Mama ranar Litinin a Zariya, shi ya sa aka kira ta haka, kuma tuwonta kika ci har kika yi aure.

Na ji zafi, Bilki, zafin da ban ji ba tun ranar jana'iza. Abin haushin kuma, har yanzu idan na ga abin dariya a harabar masallaci, wayata nake lalubowa in gaya miki, sai in tuna. Ban iya fushi da ke ba, koyo nake yi.

Ba na neman sunana a bangon littafi. Labarin naki ne, kin iya shi, ban taɓa musu ba. Abu ɗaya nake roƙo kafin a buga: ko ki faɗi ko 'yar wace ce, ko ki cire mata sunan. Idan kin zaɓi na biyu, ki riƙe yarinyar, sa mata duk sunan da ya yi miki.

Ki hanzarta, don labari ya riga ya kai kunnen Baba. Wani ya tare shi bayan sallar Juma'a ya ce masa Bilkisu ta yi littafi da sunan marigayiya. Ya dawo gida yana share ido da hannun riga, yana ta sa miki albarka, ya ce 'yar halak ce ke, ba ki manta ba. Ya ce in nuna masa hoton a waya. Na ce caji ya ƙare. Jiya ya sake tambaya, na ce shafin ya ƙi buɗewa. Ƙarya biyu ke nan na yi wa mahaifina saboda ke, kuma ba zan yi ta uku ba.

Allah ya jiƙan Mama, ya haskaka kabarinta, ya saka mata da Aljanna Firdausi. Allah ya sa wa aikinki albarka, ya nuna miki gaskiya ya ba ki ikon binta. Ni kuma Allah ya ba ni zuciyar yafe miki, don a yau ba ni da ita.

Wassalam.

Ƙawarki ta ƙuruciya, mai suna,
Hafsatu