Digar da Ke Bayan Bango

Zuwa ga Torcuato, inuwar ɓaurena, ruwan sanyin da ke gangaro mini daga ƙanƙarar dutse, tsohona da ya mutu amma ya kasa zama wuri ɗaya.

Na ji ka, kada ka yi musu. Da rana tsaka, in duk garinmu Guadix ya kwanta ƙailula har karnuka sun yi tsit, sai in ji diga a bayan bangon ƙurya, inda babu maƙwabci, babu komai sai cikin tudu. A buga, a buga, a tsaya a yi tari. Wa ke irin wannan tarin in ba kai ba, sarkin taba?

Ka tuna ranar da na ce maka ina da cikin Encarna? Ko sannu ba ka ce mini ba, ka ɗau diga ka shiga haƙa mata ɗaki, yadda ubanka ya haƙa maka. Kowane ɗa da ɗakinsa, haka gidanmu na kogo ya yi ta nutsawa cikin yumɓu. To yanzu, zumata, wa kake haƙa wa? Ni dai na wuce haihuwa, kai kuma a gabana aka rufe ka.

Na shafe bangon da farar ƙasa, yadda muke yi duk shekara kafin zafi. Ko'ina ya bushe ya yi fari fat, ban da wuri guda da ya ƙi, danshinsa siffar ƙofa daidai tsayina. Kuma a karkace! Ko a can ba su koya maka miƙe ƙofa ba?

Encarna ta gani. Wai kogon zai rufta, ranar Lahadi za ta zo da mota ta kai ni bene a Granada, can sama, inda mutum ke kwana babu ƙasa a bisa kansa, kamar tsuntsu. Ban gaya mata komai ba, cewa za ta yi Mama ta ruɗe. Amma in na tafi, ka faso ka tarar da gida wayam fa? Wa zai ce maka ka kakkaɓe ƙafa kafin ka taka mini daɓe?

Ina jin tsoro, hasken idona, ba zan ɓoye maka ba. In na ɗora tafina a wurin, sanyin har gwiwar hannu yake hawa. Duk da haka na jawo kujerata na jingina da shi, na sa rigata ta zuwa coci, na ɗaure gashi.

Ka rage hutu, malalaci, ka ƙara hannu. Yau fa Alhamis.

Taka, tun daga ɗakin farko har wanda kake haƙawa,
Angustias